Hannun da Aka Goge a Zane

Ranar Talata da hantsi Bu Sulastri, wato Uwargida Sulastri, ta shigo shagon Ratri. Ba ta yi sallamar kirki ba, ta tsaya bakin ƙofa tana fifita da jakar hannu kamar wadda aka aika rumfar masu kifi.

Shagon ɗan ƙarami ne a bayan kasuwar zannuwan batik ta garin Pekalongan. Teburi ɗaya, kwamfuta mai allo biyu, sai fanka mai ƙara. Sana'ar Ratri tace bidiyon biki. Mas Topik ke yawo da kyamara ya ɗauko, ita kuma ta zauna ta yanka, ta jera, ta sa kiɗa, har hayaniyar yini guda ta koma minti ashirin mai sa mata hawaye.

Bikin da ke kan allo ranar na Kinanti ne, autar Bu Sulastri. Kinanti ƙanwar Galih ce. Galih kuwa shi ne wanda Ratri ta shekara uku tana so, shi ma yana sonta, uwarsa ta tsaya a tsakani ta hana.

Hujjar da ta kafa lissafin ranakun haihuwa ce. Wai ta kai wa wani tsoho ranar Galih da ranar Ratri, ya haɗa ya ce jimlar ba ta faɗi da kyau ba, gidansu ba zai rabu da jinya ba. Kowa ya san irin wannan lissafin. In 'yar mai kanti ce, sai a yanka kaza, a dafa shinkafar sadaka, a wuce wurin. Na Ratri ne kaɗai ya ƙi gyaruwa, don ubanta Pak Warso becak yake tuƙawa, keken fasinja mai ƙafa uku, shekara talatin da biyu a bakin tashar jirgin ƙasa.

Bu Sulastri ta ce ranar Lahadi dangin ango za su yi nasu taron a garin Batang, za a haska bidiyon a majigi gaban manyan mutane, don haka tana son aiki mai tsafta. Ta sa aka kai mata wurin da baƙi ke jeruwa suna hawa dandamali suna gaisawa da iyayen amarya. Ta ɗora farce a gefen allo.

“Wannan tsohon na hagu, mai riga ruwan ƙasa. Ki yanke shi.”

“Bu... babana ne.”

“Na sani ai. Shi ya sa na ce ba za ki sha wahalar gane shi ba.”

Ta gyara zaman gyalenta ta fita, turarenta ya daɗe bai bi ta ba.

Ratri ta juya ga allo. Ita ba ta je bikin ba, ba a ma gayyace ta ba. Galih ne ya kai wa babanta kati hannu da hannu, tsohon ya wuni yana goge rigarsa ta batik guda ɗaya, ya tafi da murna, ya dawo ya ce komai ya yi kyau.

Yanke mutum daga gefe ba aiki ba ne. Ka jawo iyakar hoton ciki kaɗan, ka matsar da shi dama, shi ke nan an ɓatar da mutum kamar bai taɓa zuwa duniya ba. Ta sha yi wa tsofaffin samarin amare, ta sha yi wa kawunan da suka yi barci baki buɗe. Ta kama linzamin kwamfuta za ta ja, sai ta ce bari dai ta ƙara ganin fuskarsa. Ta zuƙo hoton.

Kyamarar Mas Topik mai ido ce, ko ka ninka hoto sau huɗu ba ya fashewa. Ga Pak Warso ya iso gaban Bu Sulastri, ya rusuna, ya miƙa hannu biyu. Ta ba shi kan yatsu uku. Bai ma gama ɗagowa ba ta sauke hannun, ta goge shi a jikin zanenta, sau biyu, gaba da baya, tana murmushi ga baƙon da ke biye.

A babban hoto abin bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ratri ta mayar baya ta sake kallo. Ta sake. Da ta kai na biyar ba kuka take ba.

Wanda ya iya wannan sana'a ya san idon mai kallo ba nasa ba ne, na mai tacewa ne. Inda aka ja shi nan yake zuwa. Ta dasa alama a inda tsohon ya rusuna, hoto yana buɗe, dandamali da furanni da amarya duk suna ciki. Ta ƙirga daƙiƙa takwas gaba ta dasa wata, ta matse hoton har hannun nan da zanen suka cika allo. Abin da ke tsakanin alamun biyu kwamfuta ce ke cikewa. Da ta kunna sai ya faɗa da gudu, ya yi kama da wasan barkwanci. Ita kuwa ba dariya take nema ba. Ta tausasa farkon tafiyar, ta tausasa ƙarshenta, ta rage saurin motsi, har hoton ya riƙa rarrafawa ba ka san sa'ad da ya tashi ba. Daga kan hannun ta haura da shi sama zuwa fuskar Bu Sulastri, ta tsaya kan murmushin.

Sai ta ga da saura. In ba a san hannun wa aka goge ba, me aka yi ke nan? Ta ƙara alama ta uku, ta ja hoton hagu a hankali har ya tsaya kan babanta, yana rusune, fuskarsa cike da fara'a. Ta ce a ranta bari duniya ta ga wane ne mai daraja a cikinsu. Ta cire kiɗa daga wurin gaba ɗaya.

Ranar Alhamis bayan la'asar Galih ya zo da ƙunshin shinkafa da tempe, wainar waken suya, yana tsokanarta wai idonta ya kusa zama mai kusurwa huɗu kamar allo. Ba ta yi dariya ba. Ta ja masa kujera ta kunna.

Har ya ƙare bai motsa ba. Can ya shafa fuska ya ce bai gani ba ranar, yana can wajen masu abinci. Ya ce abin da uwarsa ta yi ba shi da kyau, kuma zai gaya mata haka da bakinsa, a ɗaki, su biyu. Ya ce yayan babansa ya yarda zai sa baki a maganarsu da zarar an watse daga taron Batang, har ya nemo wani tsohon da zai sake duba lissafin.

Ta tambaye shi ko wannan yayan baban shi ne wanda zai sa baki bayan azumin bara, ko kuwa wani sabo aka haifa.

“Dik, rabin raina, ki saurare ni...” Haka yake kiranta in yana lallashi, ƙanwa, duk da wata biyar kawai ya ba ta, ita kuma ta kira shi Mas, wato yaya. “Uwata ce.”

“Shi kuma uban wa ne, Mas? Na kare?”

“Kada ki faɗi haka.”

“Ita ta faɗa. Ni dai na matso da shi kusa ne don a ji.”

Ya kama bayan kujerarta. Ya ce in wannan abu ya fito a gaban surukan Kinanti, ba zai iya shigar da ita gidansu ba har abada, shi kuma ba zai iya tsallake uwarsa tana kwance a ƙasa ya tafi ba. Ya ce ba barazana yake yi ba, kansa ya sani.

“Ki yanke su duka biyun, Dik. Daƙiƙa takwas ne. Mu kuma rayuwa ce a gabanmu.”

Ta ce za ta yi tunani. Ya sumbaci yatsunsa ya taɓa mata goshi, ya tafi yana waiwaye. Shinkafar ta huce a kan teburi.

Tunanin ta yi shi kuwa, ba a ce ba ta yi ba. Ta tuna ranar da ya fara tare ta a ruwan sama da laima mai ɓarakar gefe, su duka suka jiƙe. Ta tuna shekara uku na “bari a ga bayan wata”. Sai ta koma kan hannun nan yana goguwa gaba da baya, komai ya bushe a ƙirjinta.

Ranar Juma'a ta fitar da bidiyo biyu. Mai tsafta, wanda babu Pak Warso ko inuwarsa, ta tura wa Bu Sulastri a waya, aka amsa mata da kalma ɗaya: ya yi. Ɗayan ta sa a filashi, ranar Lahadi ta hau mota zuwa Batang ta miƙa wa mai majigi da hannunta, ta koma ƙarshen rumfa ta tsaya kusa da Mas Topik.

Bayan an ci abinci aka kunna. Mata suna ta nuna kansu a allo, ana yaba kwalliyar amarya. Minti na goma sha ɗaya kiɗa ya ɗauke. Mutane suka ɗago don jin shirun, daidai lokacin da hoton ya fara rarrafawa. Hannu ya cika farin ƙyalle mai faɗin bango, zobba uku suna ƙyalli, ya goge gaba, ya goge baya. Hoton ya hau kan murmushi. Ya gangara hagu ya tsaya kan tsoho.

Ba wanda ya yi tari. Uwar ango, wadda ta gaisa da Bu Sulastri minti kaɗan kafin nan, ta sunkuya ta dubi tafin hannunta. Kinanti ta rufe fuska. Wayoyi suka fara ɗagowa daga bayan kujeru, wani ma ya ce wa mai majigi ya mayar baya. Bu Sulastri ta miƙe, ta koma ta zauna, Galih ya zo ya tsaya a gabanta ya kare ta da jikinsa. Daga can ya hango Ratri. Bai yi fushi a fuska ba, kallonta kawai ya yi.

Mas Topik ya ce a hankali, “Ke, yarinyar nan, kin kashe mu.”

Duk mai cewa ramuwa ba ta da daɗi bai taɓa ɗanɗana ta ba. Tana da daɗi ƙwarai. Ratri ta hau motar komawa gida jikinta sakayau, har ta sayi gyaɗa a hanya ta ci.

Kafin hantsin Litinin bidiyon ya zaga wayoyin Pekalongan. Abin da ba ta lissafa ba shi ne, mutane ba su san Bu Sulastri a titi ba, tana cikin mota da gilashi a rufe. Pak Warso kuwa kowa ya san inda yake tsayawa. A bakin tasha abokan sana'arsa suka mai da abin wasa, duk wanda ya gaisa da shi sai ya goge hannu a wando a kwashe da dariya. Wata fasinja ta nemi ta ɗauki hoto da shi, wai ga tsohon nan na cikin bidiyo. Wani kuma ya dafa kafaɗarsa yana ba shi haƙuri da ƙarfi don jama'a su ji. Rana ba ta raba ba ya turo becak ɗinsa gida, ya zauna a baranda bai cire hula ba.

Da la'asar Galih ya zo. Ratri ta fito da sauri, ya wuce ta gefenta. Ya durƙusa gaban tsohon, ya kama hannunsa na dama ya ɗora a goshinsa, ya daɗe a haka kafaɗunsa na girgiza. Ya roƙi gafara a madadin uwarsa da gidansu duka. Pak Warso ya shafa kansa ya ce ba komai, Allah ya yi masa albarka.

Da Galih ya miƙe Ratri ta ce, “Mas...”

“Wurin Baba na zo.” Ya juyo ya dube ta. “Na so ki, Ratri. Har yanzu ma... amma na gaya miki.”

Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Ta tsaya tana jira ya waiwayo har ya sha kwana.

Ta dawo ta zube kusa da ƙafar babanta, ta ce saboda shi ta yi, ba za ta iya bari a wulaƙanta shi ta yi shiru ba. Tsohon ya amsa mata, idonsa na kan titi.

“Na ga sa'ad da ta goge, 'yata. Ina tsaye a wurin, ba makaho ba ne ni. Na ci gaba da fara'a ne don kada kowa ya lura, kuma ba wanda ya lura. Ni da ita kawai muka sani. Na ce in na haɗiye wannan, wata rana za ki shiga gidan da kike so.”

Hawaye suka ɓalle mata, ta kifa kai a gwiwarsa tana cewa ya yafe mata. Ya ce ya yafe, me zai riƙe ta da shi? Ya ɗaga hannunsa zai dafa kanta, sai ya tsaya yana kallonsa, ya juya bayan, ya juya tafin.

“Gobe fa sai na koma tasha,” ya ce a hankali. “Da wane hannu zan gaisa da mutane?”