Tarin da Ya Hana Zuwa Teku

A wani dogon bene da ke Wangsa Maju, a birnin Kuala Lumpur, akwai wata yarinya gwanar kwaikwayo. In ta ji muryar mutum sau ɗaya, shi ke nan, ta ɗauke. Har muryar Abbanta tana yi, yadda yake ɗaga murya in yana waya da mutanen Kano: "Halo! Kuna ji na? Na ce kuna ji na?"

Amma lokacin korona ne, dariya ta yi wuya a gidan. An daɗe ana kulle. Kullum sai an ji jiniyar motar asibiti. Tsohon da ke ɗakin kusa da su ya yi ta tari, aka fita da shi, bai dawo ba. Kakarsu ma a Kano cutar ce ta yi ajalinta. A waya aka gaya wa Umma.

Da aka buɗe hanyoyi, Abba ya ce, "Ranar Lahadi sai bakin teku. Port Dickson za mu."

Ƙanenta Ziyad ya hau tsalle. Shi bai taɓa ganin teku ba. Ya ɗauko bokitinsa ja, ko abinci zai ci yana rungume da shi.

"Yaya, teku ya fi bahon wanka girma?"

"Ya fi, ɗan ƙauye."

"Ya fi benenmu?"

"Kai, Ziyad, ka ishe ni!"

Duk ranar Asabar, Anti Hureira tana koya wa yaran Hausawa karatu ta kwamfuta. Wannan makon ta ba su aikin hannu. Ta ce kowa ya yi teku a cikin kwali. Yarinyar ba ta yi ba. Katun ta yi ta kallo.

Da Asabar ta zagayo, kowa ya ɗaga nasa. Wani ya yi kifi da takarda. Wata ta yi ƙaguwa da kiret ɗin ƙwai.

"Saura ke, 'yata," in ji Anti Hureira. "Ina naki tekun?"

Sai yarinyar ta tuna tarin tsohon nan da take ji ta bango. Ta dafe ƙirji, ta yi irinsa sak. Busasshe, mai ja, har da ɗan nishi a ƙarshe.

Anti Hureira ta matso kusa da kwamfutarta.

"Subhanallahi! Tun yaushe kike wannan tarin?"

"Tun jiya, Anti," ta ce da 'yar siririyar murya.

"Je ki kwanta. Bar maganar aiki."

Ta rufe kwamfutar tana murmushi. Murmushin bai gama sauka ba ta ji wayar Umma tana ƙara. Anti ce ta kira.

Umma ta shigo da takunkumi a fuska. Ta taɓa goshin yarinyar.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba? Maƙogwaronki yana ciwo? Kina jin ƙamshin abinci?"

Yarinyar ta so ta faɗi gaskiya. Kunya ta hana ta.

Abba ya kai ta asibiti. Aka zura mata dogon tsinke a hanci har ta yi ƙwalla. Aka ce kowa ya zauna a gida sai sakamako ya fito. Da suka dawo, aka sa ta a ɗaki ita kaɗai. A bakin ƙofa ake ajiye mata abinci.

Ta jiyo Ziyad a falo.

"Abba, gobe teku?"

"Babu teku, Ziyad. Yayarka ba lafiya."

"To mu je mu dawo da sauri. Ba zan daɗe ba!"

"Ba za mu fita mu shafa wa mutane ba."

Ziyad ya yi kuka har muryarsa ta dishe.

Lahadi ta zo. Rana ta fito tas, gidan kuwa shiru kamar ana makoki. Ziyad ya zo ya kwanta a bakin ƙofarta, ya sa baki a ƙasan ƙofar.

"Yaya, ke ma za a tafi da ke a motar nan mai kuka?"

Kafin ta amsa, ta ji Umma ta janye shi. Daga baya ta jiyo Umma tana addu'a bayan sallar azahar, tana shessheƙa: "Ya Allah, ka karɓi Hajiyata ban gan ta ba. Ka bar mini yarinyar nan."

Nan yarinyar ta kasa daurewa. Ta buga ƙofa da hannu biyu.

"Umma! Ƙarya na yi! Lafiyata lau! Aikin ne ban yi ba, shi ne na kwaikwayi tarin tsohon nan!"

Umma ta ce, "Tarin bawan Allahn da ya rasu? Shi kika mayar abin wasa?"

"Ki yafe mini, Umma. Abba, a buɗe ni mu tafi, rana ba ta faɗi ba."

"A'a," in ji Abba. "Jiya kin ce kina tari, yau kin ce ba kya yi. Wanne zan ɗauka? Sai mun ji daga asibiti."

Wannan ya fi tsinken hanci ciwo.

Ta roƙi Umma ta miƙo mata kwali da gam da almakashi. Ta shimfiɗa shuɗiyar leda, ta zama ruwa. Ta barbaɗa garin kwaki, ya zama rairayi. Ta yi kwalekwale da murfin robar man shanu. Sannan ta kira Anti Hureira ta ba ta haƙuri.

"Kin tsorata ni, 'yata," in ji Anti. "Da kin ce ba ki yi ba, faɗa kawai zan yi miki, ya wuce."

Da sakamako ya fito, babu cuta. Umma ta rungume ta, ta daɗe ba ta sake ta ba. Yarinyar ta miƙa wa Ziyad kwalin.

Ya leƙa, ya tura baki. "Babu ruwan gaske."

"Na sani. Ni na hana ka na gasken. Ka yi haƙuri."

Sai da Abba ya sake samun hutu suka tafi. Da Ziyad ya hango ruwan, ya tsaya cak, ya damƙe hannun yayarsa. Ita ta shiga da shi a hankali, har ruwa ya kai musu gwiwa. Umma tana bakin gaɓa tana dariya, dariyar da aka daɗe ba a ji ba.

Tun daga ranar yarinyar ta gane cewa ba a wasa da ciwo. In ka yi laifi, ka faɗa da bakinka. Ƙaryar da ka yi don ka kuɓuta, waɗanda suke son ka take fara cutarwa.