Haƙoran Wata a Jakarsa

Saura ƙiris in fasa rubuta wannan labarin, don akwai abin kunya a cikinsa, kuma mai kunyar tana nan da ranta. Amma ita da bakinta ta ce in rubuta, ko wata mai zuciya irin tata za ta karanta.

Auta ta fara ganinsa ne wata Talata da hantsi, a shagon ɗinkin babanta da ke kallon ƙofar makarantar likitocin haƙori. Tana zaune tana sa maɓalli a riga, sai ga wani saurayi ya shigo, sai da ya sunkuya don kada kansa ya bugi ƙofa. Dogo abokansa suke ce masa. Ya miƙo farar rigar aiki.

"Sannu da aiki. Aljihun nan ne ya gaji da ni."

Ta juya aljihun don ta ga inda ya yage. Haƙora uku suka zubo kan tebur. Ta zabura har allura ta faɗi.

"Na shiga uku! Na waye?"

"Na roba ne, kwantar da hankalinki. Ba a yarda in taɓa na mutane ba tukuna."

Dariya ta kama ta, amma hannunta ya riga dariyar isa baki. Tun tana 'yar shekara tara ta faɗi a kan matakala, haƙorinta na gaba ya gutsure. Daga ranar ba wanda ya ƙara ganin dariyarta a buɗe.

Aljihun nan ya yage sau huɗu a wata guda. A na biyar Auta ta ce, "Malam, wannan yagar da almakashi aka yi ta." Ya sosa ƙeya, ya nemi lambarta.

Kullum in ya tashi daga aji sai ya leƙo ya ba ta labari. Ya ce su arba'in ne a wani dogon ɗaki, kowa da kan roba ɗaure a teburinsa, baki a wangale. A kansa suke koyon fafe haƙori da cike shi, a kansa suke jera haƙoran roba a cikin kaki irin na kyandir. Malamarsu za ta zo da tabarau a kan hanci, ta duba, ta ce, "Sake." Wanda bai gamsar da ita ba, ba zai ga bakin majiyyaci ba sai baɗi.

Saƙonsa na farko yana nan a wayarta har yau:

"Autata, yau Malama ta ce hannuna ya fara natsuwa. Ban faɗa mata dalili ba. Ke kin sani."

Ta yi rabin awa kafin ta iya rubuta: "Allah ya ƙara basira, Likitana."

Da maganar ta kai kunnen Baba, ko keken ɗinkin bai tsayar ba.

"Wane likita? Yaron da ke wasa da 'yar tsana? Auta, ke ko firamare da ƙyar kika gama. Gobe ya zama babba, ya waiwaya ya ga takwarorinsa masu farar riga, ke kuma ki dawo mini da kuka."

Dogo ya zo da kansa, ya durƙusa har ƙasa. Baba ya dube shi ta saman tabarau.

"Yaro, ban ƙi ka ba. Amma ranar da malamanka suka yarda ka sa hannu a bakin mutum mai rai, ran nan ka turo manyanka. Kafin nan, aljihu kawai ya haɗa mu."

Saura mako uku a yi jarrabawar da za ta ba shi wannan damar. Abin da ya tsaya wa Auta a rai kuwa, kalmar nan ce ta Baba: takwarorinsa.

Ashe akwai wani mataki tsakanin kan roba da majiyyaci. Malama takan haɗa ɗalibai biyu-biyu, kowa ya ɗauki awon bakin abokinsa. A kwaɓa wani gari ya yi kauri, a cika ɗan faranti, a danna a kan haƙora har ya sandare. Sannan a zuba filasta a ciki, wani farin kwaɓi mai daskarewa kamar siminti, sai ga bakin mutum ya fito sak, fari fat. A kansa ɗalibi zai yi aikin jarrabawarsa.

Wata rana Baba ya aiki Auta ta kai riguna makarantar. Tana wucewa ta gefen dogon ɗakin, sai ta hango ta taga. Wata ɗaliba na kishingiɗe a kujera, Dogo ya sunkuya a kanta, hannunsa ɗaya a haɓarta. Ya ce wani abu, ta ture hannunsa tana dariya. Dariya a buɗe, da wushirya kamar an auna da zare.

Auta ta ajiye rigunan wurin mai gadi ta juya. Wuni guda ta ɗinka maɓalli uku a inda ba gurbinsu ba.

Da ya zo da yamma ta sha kunu.

"Wace ce mai wushirya?"

"Au, abokiyar aikina ce. Malama ce ta haɗa mu. Kin san na yi sa'a? Haƙoranta kamar an zana a littafi, ko ɗaya bai kauce ba."

Shi a ɗalibi ya faɗa. Ita kuwa a mace ta ji. Ta sa harshe ta taɓa guntun haƙorinta, ta ce, "Allah ya bar ku tare."

"Amin," in ji shi, bai gane komai ba.

Ana saura kwana uku jarrabawa, ya shigo da sauri, hadari ya haɗo.

"Autata, ajiye mini jakar nan zuwa gobe. Motar unguwarmu cunkoso gare ta, ina tsoron a matse abin da ke ciki. Ki kula da ita kamar ƙwai."

Tana jin ya fita ta buɗe. A cikin wani ɗan akwati, an naɗe abu da auduga, an ƙara naɗewa da hankicin da ita ta yi masa ado da zare shuɗi. Ta warware. Bakin Mai Wushirya ne yake mata murmushi a tafin hannu. A ƙasansa ya rubuta da fensir: "A kula da wushiryar."

Hankicinta. Haƙoran wata.

Har yau Auta ba za ta ce ta jefar ba, ba kuma za ta rantse cewa suɓucewa ya yi ba. Abin da ta sani, yatsunta sun buɗe. Ya daki siminti ya rabu uku.

Da safe ya buɗe akwatin a gabanta. Ya daɗe yana kallo. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Aikin mako uku ne," ya ce a hankali. "Faɗuwa ya yi?"

Ta kasa ɗaga kai. Ya ɗauki jakar ya fita.

Sai a lokacin lissafin ya zo mata. In bai ci jarrabawa ba, babu majiyyaci sai baɗi. In babu majiyyaci, babu manyansa a gaban Baba. Da hannunta ta fasa aurenta. Ta ɗauki waya ta rubuta masa:

"Ba faɗuwa ya yi ba. Ni ce. Na ji haushi ka naɗe haƙoranta da hankicina. Ni nawa a karye yake, shi ya sa nake rufe baki. Ka yafe ni ko da ba za ka dawo ba."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar:

"Na san da haƙorin tun ranar aljihu. Hannunki bai kai dariyarki sauri ba. Hankicin kuwa, shi ne abu mafi daraja a jakata, shi ya sa na naɗe jarrabawar aurenmu da shi."

Ta kifa kai a kan keken ɗinki ta yi kuka mai isarta. Sannan ta share fuska, ta tsallaka titi, ta shiga makarantar da ƙafarta.

A dogon ɗakin ta same su. Kawunan roba arba'in sun wangale baki kamar suna jiran su ji abin da za ta ce. Dogo na tsaye gaban Malama da guntayen filasta a hannu, yana cewa laifinsa ne.

"Ba laifinsa ba ne, Malama," in ji Auta, muryarta kamar ta sauro. "Ni na fasa. Kishi ne."

Ɗalibai suka juyo gaba ɗaya. Mai Wushirya ta riƙe haɓa.

"Kishi da ni? Ƙanwata, kin san abin da na sha a hannun mutumin nan? Sau huɗu yana cusa mini kwaɓin nan ina kakarin amai! Ni da nake da nawa mijin a gida da goyo. Wallahi ba zan ƙara zama ba. Wadda ta fasa ita za ta biya da bakinta."

Ɗalibai suka kwashe da dariya. Malama ta buga tebur, ta dubi Auta ta saman tabarau.

"'Yata, in kin yarda da kanki, ki hau kujera. Zai ɗauki awon a gabana yanzu, ya zuba filasta, ya kawo mini aikin jibi da safe. Ban ƙara masa ko awa ɗaya."

Auta ta dubi kujerar. Ta dubi idanun mutum arba'in. Shekara goma sha biyu ba ta buɗe bakin nan ga kowa ba. Ta hau ta kishingiɗa, hannunta manne da leɓe.

Dogo ya sa safar hannu, ya kwaɓa garin, ya sunkuyo. Ya yi ƙasa da murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Autata, kwaɓin nan minti biyu ne ya sandare. Ni na iya jiranki shekara, shi ba zai jira ba."

Ta sauke hannun.

Abin da sanyi, ga wani ƙamshi kamar na man goge baki, ga shi yana neman maƙogwaro. Hawaye ya zubo mata. Sai ta ji an kama hannunta. Mai Wushirya ce.

"Ja numfashi ta hanci, amarya. Ɗaga ƙafa ɗaya sama, yana ɗauke hankali. Kin ga daɗin da kike kishi a kai ko?"

Da aka cire farantin, Malama ta kai shi gaban fitila, ta juya shi, ta sake juyawa. Kowa na jiran "Sake."

"Hm," ta ce. "Har guntun ya fito da kyau. Je ka zuba."

Kwana biyu bai leƙo shago ba. A na uku, da azahar, saƙo ya shigo:

"Na ci. Malama ta ce majiyyacina na farko ya riga ya kawo kansa. Litinin ƙarfe tara, ki zo da haƙorinki."

A gaban Malama ya cike mata shi, awa ɗaya da rabi, yana goga yana dubawa. Da ta koma shago ta tsaya gaban Baba ta yi murmushi, hannayenta biyu a baya. Baba ya tsayar da keke. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Yaron ne ya yi wannan?"

"Shi ne, Baba."

Ya ƙura mata ido. Can ya ce, "Rabona da ganin fuskar nan tun kina ƙarama. Ce masa ya turo manyansa. Kuma ki tambaye shi, turmin haƙorin nan nawa na hagu, yana dubawa?"

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Malama ta zo, Mai Wushirya ta zo da goyonta, ita ce ma ta fi kowa rawar kai. A hotunan ranar duka, babu inda hannun amarya ya kai baki. Baba ya dafa kansu ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku tsufa da haƙoranku."

Washegari da safe Auta tana jera kaya a sabon ɗakinta, sai ta buɗe kwalin littattafansa. A ciki ga bakinta na filasta da guntun haƙorinsa, naɗe da hankici mai zare shuɗi. A gefe kuma ga na Mai Wushirya, an liƙe shi da gam, ba naɗi.

"Likitana, wannan kuma me yake yi a gidana?"

"Na ajiye ne don in riƙa tuna irin matar da na aura," ya amsa daga ƙofa, yana danne dariya.

Ta goge nata ta ɗora a gaban madubi. Ɗayan kuwa ta riƙe shi da hannu biyu, a hankali, ta kai shi can saman kabad. Ta ja da baya ta dube shi. Sannan ta sake hawa kujera, ta juya wushiryar tana kallon bango.