Jirgin Ruwa a Kangon Malam Ilu

Ranar da aka kawo jirgin, rabin mutanen layin sai da suka fito kallo, don ba a saba ganin jirgin ruwa a cikin badalar Kano ba. Mota ta kasa shiga lungun, sai majiya ƙarfi ne suka ɗauko shi a kafaɗa tun daga titin Ƙofar Kabuga har cikin kangon Malam Ilu mai gyaran tankunan ruwa.

Hassana tana durƙushe tana liƙe wani tanki, ta ɗaure hijabinta a ƙugu, hancinta da takunkumi, ta ji an yi sallama.

"Malam Ilu nake nema."

"Ga shi can." Ta nuna mahaifinta da ke kishingiɗe a tabarma yana tari. "Amma in aiki ne, ni ce."

Saurayin ya dubi safar hannunta da gam ya daskare a jiki, ya dubi idanunta, waɗanda su kaɗai takunkumin ya bari a waje. Bai yi dariyar da ta saba ji daga bakin maza ba. Sunansa Abdulbaqi, ɗan unguwar Mandawari, malami a wata makarantar sakandare.

Malam Ilu ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gurzar faiba, zaren gilas ɗin da ake ƙera tankuna da jirage da shi, babu abin rufe hanci, ƙurar ta cinye masa huhu. Ba shi da ɗa namiji, don haka tun da ciwon ya kwantar da shi Hassana ta karɓi aikin. Da shi suke ci, da shi take saya masa magani.

Ta zagaya jirgin tana ƙwanƙwasa jikinsa. A ƙasan goshinsa akwai wata doguwar tsaga. Ta hau ciki, ta danna sukudireba a daɓen, sai ta nutse kamar an soka ta a tuwo.

"Katakon da ke ƙarƙashin faibar ya ruɓe," ta ce.

"Zai gyaru?"

"Zai gyaru. Amma sai an farke shi gaba ɗaya tukuna."

Ya sauke wata ajiyar zuciya, ya dafa jikin jirgin. Nan Hassana ta gane ba abin hawa kawai aka kawo mata ba.

Kullum ya tashi daga makaranta sai ya biyo. Tare suka yanke ruɓaɓɓen daɓen, suka kwashe soson da ya sha ruwa a ƙarƙashi, suka bar cikin jirgin a rana ya bushe. Ranar da ta kama tsagar da giranda tana faɗaɗa bakinta don gam ya samu wurin kamawa, ya nace sai ya taya ta. Washegari saƙonsa ya shigo.

"Injiniyata, ƙaiƙayi ya hana ni rubutu a allo. Ɗalibai sun ɗauka ƙazuwa ce ta kama ni."

"Na ce maka ruwan sanyi, ka je ka yi wanka da na zafi. Allah ya ƙara, Kyaftin."

"Ko asibiti zai kai ni, da la'asar ina nan tafe. Ban ga idanun nan ba yau."

Ta karanta, ta kifa wayar a cinya, ta sake ɗagawa ta karanta.

Suna shan inuwa a gefen jirgin ya ba ta labari. Jirgin na mahaifinsa ne, Alhaji Mamman, wanda yake tsallakar da mutanen ƙauye a dam ɗin Tiga ranakun kasuwa. Wata rana jirgin ya daki kututturen da ruwa ya rufe, ya tsage. Masunta suka ceto fasinjoji, shi kuwa Alhaji sai gawarsa aka samu. A lokacin Abdulbaqi yana firamare. Jirgin ya yi ta zama a garejin wani kawunsa har ciyawa ta fito a cikinsa.

"Abin da nake tunawa da Baba kawai bayansa ne, yana riƙe da injin," ya ce. "So nake in mayar da shi ruwa, in zauna inda yake zama. Umma ba ta san na ɗauko shi ba."

"To ranar da ta sani fa?"

"Ranar zan faɗa mata abu biyu. Jirgin, da ke."

Hassana ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da ɓare gam daga farcenta.

Bai kai ga faɗa ba, labari ya riga shi. Wata safiya Hassana tana dama efoksi, gam ɗin nan mai ruwa biyu da ake haɗawa, sai ga wata dattijuwa da babban mayafi a ƙofar kangon. Kamannin fuskar kawai ta gani ta ajiye kwanon, ta durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ina kwana?"

Hajiya Kulu, mahaifiyar Abdulbaqi, ba ta amsa ba, ba ta kuma zauna a kujerar da aka miƙa mata ba. Jirgin take kallo.

"Ni na wanke kayan da aka tsamo shi da su," ta ce. "Har yau ina jin warin taɓon a hannuna. Ɗa ɗaya ya bar min. Yarinya, kin san abin da kike haɗawa? Makara kike haɗa wa ɗana."

"Hajiya, wallahi..."

"Ba ƙin ki nake ba. Sana'a ba abin kunya ba ce. Ki ce masa kin duba, ba zai gyaru ba. Ke kaɗai zai yarda da maganarki. In kin yi haka, ni da kaina zan kawo lefenki gidan nan. In kuwa kika ƙarasa shi, ki manta da Abdulbaqi. Ga Nafisa 'yar ƙanina, tun tuni nake yi masa sha'awarta."

Gam ɗin ya fara zafi a kwano, yana daskarewa a banza. Da ƙyar Hassana ta ce, "Zan yi tunani, Hajiya."

Ta kuwa yi tunanin. Ta auna yadda ƙaryar za ta zo mata da sauƙi: ta nuna masa tsagar, ta girgiza kai, shi ke nan. Ranar ba ta taɓa jirgin ba, washegari ma haka.

Da Abdulbaqi ya zo bai cire agogonsa ya naɗe hannun riga kamar kullum ba. A tsaye ya yi magana.

"Umma ta ce kun shirya. Za ki ce min ba zai gyaru ba, ita kuma ta kawo lefe."

"Ban ce na yarda ba. Cewa na yi zan yi tunani."

"Kin yi tunanin?"

"Na yi. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Na zauna a nan na faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ashe abin ciniki ne."

"Kyaftin, ka tsaya ka ji."

"Sunana Abdulbaqi."

Ya fita. Ta tura masa saƙo: "Mahaifiyarka ce ta tsaya a gabana tana hawaye. Me kake so in ce mata? Ka zo mu yi magana." Ta ga alamar ya karanta. Amsa ba ta zo ba.

Ba a jima ba wata maƙociyarsu mai aikatau a Mandawari ta shigo da labari, tana faɗa tana satar kallonta: an ga malamin nan a zauren su Nafisa, da farar shadda.

Hassana ta ja tamfol za ta rufe jirgin, sai Malam Ilu ya kira ta daga tabarma.

"Ƙarasawa za ki yi."

"Baba, don me? Ya zo ya ɗauki kayansa."

"Ya kai wa wa? Wani zai shafa masa gam a sama, ya yi fenti, ya ce an gama. Yaron nan sai ya shiga ruwa, ko da ke ko babu ke. Gara ya shiga a kan aikinki." Ya yi tari har sai da ta riƙe masa kafaɗa. "Amma aure, ban so miki shi ba. Ba na son ki shiga gidan da uwar miji take kallonki tana ganin ajalin ɗanta."

Ta ƙarasa, ita kaɗai. Da sanyin safiya take haɗa gam, don zafin Kano ba ya jira. Ta shimfiɗa ƙyallen faiba a kan tsagar, ƙarami sannan babba, ciki da waje, tana bin kowanne da rola har kumfar iska ta fita. Ta shafe sabon katako da efoksi gaba da baya da duk gefensa, ta kafa shi a kan haƙarƙarin jirgin, ta rufe shi da faiba. Wani lokacin hawaye ya taru a cikin takunkumin, ba halin sharewa saboda gam a hannu. Tana aiki tana jin tarin mahaifinta, in ya yi tsanani ta yar da rolar ta ruga da kwano.

Tana cikin gogar ƙarshe da samfefa aka kwantar da Malam Ilu a asibiti. Bai dawo gida da ƙafarsa ba.

Abdulbaqi ya zo jana'iza, ya zo zaman makoki, yana can cikin maza. Bayan an watse Hassana ta tura masa layi ɗaya: "An gama jirginka. Ka turo a ɗauka."

Shi ya zo da kansa. Ya tarar ta sa 'yan ga-ruwa sun cika cikin jirgin da ruwa tun jiya, don gwaji. Ya durƙusa ya shafa ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Busasshiya ƙarau. Ya daɗe a durƙushe.

"Hassana, ki yafe min."

"Lokacin da nake riƙe wa Baba kwano yana tofar da jini, kana zauren su Nafisa."

"Na je, ba zan ɓoye miki ba. Fushi ne ya kai ni. Ita ma ta gane, ta ce ita ba za a huce haushin wata a kanta ba."

"Da ba ta kore ka ba fa?"

Ya ce, "Ban sani ba. Na dai san ko a aji nake, in na ji ƙarar giranda daga wani gida sai in manta abin da nake koyarwa. Na yanke miki hukunci a kan tunanin da kika yi, ban jira na ga abin da za ki aikata ba."

Ba ta ce ta yafe ba ranar. Ta dai ce masa ya samo rigunan ceto kafin jirgin ya bar kangon, in ba haka ba ba za ta ba shi ba. Ya samo. Ya ci gaba da zuwa, yana gaisawa da mahaifiyarta, yana zama a inda Malam Ilu yake zama har Hassana ta sauko don kanta. Wata rana ya rubuto mata: "Injiniyata, har yanzu akwai tsagar da ba ki liƙe ba." Ta ɗauki lokaci kafin ta amsa: "Wannan ba ta bushewa da wuri, Kyaftin. Amma ka turo manyanka."

Baffa Zaharaddeen, ƙanin Malam Ilu, shi ya karɓi baƙin. Ya ce a gadon asibiti marigayin ya bar masa saƙo: shi bai so ba, amma in yaron ya dawo kuma ita tana so, kada a hana ta. Ta wajen Hajiya Kulu kuwa sai da kawunnan Abdulbaqi suka yi ta sintiri. A ƙarshe ta ce ba ta hana ba, amma kada a jira ta.

Aka ɗaura aure ranar Asabar a masallacin unguwa. Gwaggonninsa ne suka kawo lefe. Ba a yi kiɗa ba saboda rasuwar ba ta yi nisa ba. Hassana ta sha lalle a hannayen da gam ya fasa, mai ƙunshin tana ta mita wai ya ƙi kamawa sosai. Da aka zo fita da ita ta tsaya a ƙofar kangon, ta dubi inda tabarmar mahaifinta take, ta yi kukan da ba na al'ada ba.

Kafin a wuce da amarya ɗakinta sai aka biya da ita Mandawari gaida uwar miji. Hajiya Kulu tana zaune a kan darduma, ta ba ƙofa baya, carbi a hannu. Hassana ta durƙusa, Abdulbaqi ya durƙusa a gefenta.

"Umma, ga mu. Ki sa mana albarka."

Gwaggonnin suka fara kallon juna. Can Hajiya ta yi magana, ba ta juyo ba.

"Ke yarinya. Aikin da kika yi, zai riƙe?"

"Da izinin Allah, Hajiya. Ban bar ko kumfa ɗaya a ciki ba."

"To." Ta ja carbin. "Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Allah ya ji ƙan mahaifinki, ya ji ƙan nasa."

"Amin, Umma."

"Ranar da zai shiga ruwa, kada ku faɗa min. Ke za ki sani. Ke za ki zauna ki jira shi."

Hassana ta ce, "To, Umma." Gwaggo ɗaya ta rangaɗa guɗa, aka kama hannun amarya aka tashe ta. Abdulbaqi yana gaba, ita tana biye a cikin lulluɓi, tana kallon bayansa har suka fita daga lungun.