Lasifika Biyu a Ɗakin Amarya

"Rabilu... mi ne wanga?"

Tsaye nake bakin ƙofa, na kasa shiga. Gwaggo Kyauta, ƙanwar babana, tana bayana riƙe da igiyar da za ta auna wurin gado da jere. Ɗakin da Rabilu ya gina mani ne a unguwarsu, nan Birnin Konni, taku huɗu a tsawo, uku a faɗi. Amma wasu baƙaƙen akwatuna biyu sun cinye rabinsa, kowanne ya kai ƙirjina.

"Lasifika ne, Balkina!" Fuskarsa cike da murna. "Daga Sakkwato na ɗauko su. Duk Konni babu irinsu. Tsaya ki ji..."

Bai jira amsata ba. Ya maƙala waya ga batirin mota, ya ɗora faifai, ya murɗa.

Wallahi har cikin haƙorana na ji kiɗan! Ƙyauren langa-langa ya kama rawa, ƙasa ta zubo daga azara. Gwaggo ta toshe kunnuwa tana salati.

"Kashe! Don Allah kashe!"

Ya kashe, murmushinsa ya ragu.

"Ina gadona zai zauna?" na ce. "Ina zan jera kwanonina?"

"Sai a matsa su gefe..."

"Wane gefen? Ɗakin ga bai ɗaukar abin ga. Kai da kake gyaran rediyo, ba ka ji ba? Babu abin da ke fita sai rugugi!"

Ya juyo ya dube ni. Gwaggo ta sulale waje.

"Ɗakin ne ya yi miki kaɗan, Balki, ko auren ne ba ki so? Sau biyu ana sa rana kina ɗagawa. Shekara uku ina jira."

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Inna ta rasu. Yayana Badaru ya tafi Abijan neman abinci tun shekarar fari, shekara huɗu ke nan ba mu gan shi ba. Baba Labo kuwa tsohon maƙeri ne, ƙarar guduma ta cinye masa ji, sai an kai baki kunnensa an ɗaga murya. Ni ce kunnensa, ni ce mai tuwonsa. Gwaggo tana aure a Dogarawa, sai ranar kasuwa take leƙo mu.

"Wa zan bar ma Baba?" na ce.

"Na ce miki kullum za ki riƙa zuwa..."

"Kullum ba zama ba ne! Tunda ka cika ɗakin da su, sai ka zauna da su!"

Na ja gyalena na fita ina kuka.

Sati biyu ba mu yi magana ba. Kowace la'asar ina jin kekensa ya rage gudu a ƙofar gidanmu, ya ɗan tsaya, ya wuce. Ni kuma in tsaya bayan danga, zuciyata kamar ta bi shi.

Ranar wata Laraba direban motar goro ya yi sallama, ya miƙo ƙunshi. Kaset ne daga Badaru.

Da gudu na aro rakodar maƙwabta. Baba ya manna kunnensa a jikinta, ya runtse ido. Ina jin muryar yayana tana gaisuwa, hawaye na zubo mani. Baba kuwa sai sauya kunne yake.

"Shi ne kuwa? Mi ya ce?"

Na kai baki kunnensa. "Ya ce yana gaishe ka!"

Ya girgiza kai. "Kashe, ɗiyata. Ba labarin nake so ba. Muryar nake so."

Ranar ko furarsa bai taɓa ba.

Da safe na haɗiye fushina na nufi rumfar Rabilu, kusa da tasha. Yana ganina ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Balki! Lafiya? Baba ne?"

Ban iya dogon bayani ba, na miƙa masa kaset ɗin. "Badaru ne... Baba bai ji."

Ko kalma bai tayar ba a kan abin da ya wuce. Ya rufe rumfa, ya je ya kamo hannun Baba har ɗakin nan. Ya haɗa rakodarsa da injin lasifikan, ya murɗa.

Muryar ta fito kamar mutum na magana cikin rijiya. Ya rage, Baba bai ji komai ba. Ya ƙara, ɗakin ya ɗauki gurnani.

Baba ya yamutse fuska. "Hadari nake ji, ba ɗana ba."

Rabilu ya share gumi, ya dubi bango, ya dube ni.

"Gaskiyarki ce, Balki. Bangon ya matso su da yawa, sautin na dawowa yana dagula kansa. Fili suke so."

"Zaurenmu fa?" na ce. "Tsohuwar maƙerar Baba... taku goma ce, rufinta da tsawo."

A amalanke aka kwaso su. Rabilu ya ajiye ɗaya nan, ɗaya can, ya janye su daga bango. Ya sa na rataya tsofaffin tabarmi a bangon baya. Ya rage kaurin sautin, ya ƙara siririn. Sannan ya shimfiɗa buzu a tsakiya ya zaunar da Baba.

"Bismillah," ya ce, ya danna.

"Assalamu alaikum, Baba. Ni ne Badaru..."

Tar! Kamar yayana na tsaye a zauren.

Baba ya zabura, ya ɗaga hannu yana lalube a iska.

"Wa alaikumus salam! Badaru! Ɗana!"

Kuka ya ƙwace mani. Na ga Rabilu ma ya juya baya yana goge ido da hularsa.

Badaru ya ce ya samu aiki a tashar jirgin ruwa, ya yi aure, an haifa masa namiji ya sa masa sunan Baba. Har kukan jaririn muka ji. Baba na dariya, gemunsa sharkaf da hawaye.

Sai muryar ta yi sanyi.

"Baba, matafiya sun ce mani har yanzu Balki na gida saboda kai. Laifina ne. Bayan babbar Sallah ina tahowa da iyalina, kuma na dawo ke nan. Don Allah kada a ƙara tsare yarinyar ga."

Kaset ya ƙare. Baba ya juyo a hankali.

"Saboda ni? Ke da kika ce mani ɗakin ne ba a gama ba?"

Na sunkuyar da kai.

"Haba ɗiyata... Kunne na rasa, ba hankali ba. Da kin faɗa mani!"

Rabilu ya durƙusa gabansa, ya kai baki kunnensa. "Baba, lasifikan nan za su zauna. Duk kaset da ya zo, a nan za ka ji shi."

"Kai fa? Ba don kanka ka saye su ba?"

"Kullum zan zo in ji a nan, ni da Balki."

Ya waiwayo ya dube ni. "Ki gafarce ni, masoyiyata."

"Ni ce zan roƙe ka," na ce, murya ƙasa-ƙasa.

Baba ya nuna rakodar da sandarsa. "Abin ga yana ɗaukar magana kamar yadda yake fiddawa?"

"Yana ɗauka, Baba."

"To buɗe shi!"

Rabilu ya sa sabon kaset ya danna. Baba ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya kwarma magana kamar Abijan ɗin bayan katanga take:

"Badaru! Na ji ka! Da kunnena na ji ka! Ka taho da takwarana. Kuma kada ka wuce kwana bakwai bayan Sallah, don ranar za a ɗaura auren ƙanwarka, kai ne waliyyi!"

Na rufe fuska na ruga cikin gida, dariyar Rabilu na bina.

Ranar shida ga Sallah motar goro ta tsaya ƙofarmu. Badaru ya sauko da yaro a kafaɗa. Baba bai ji ƙarar motar ba, ni ce na kamo hannunsa, da lalle a ƙafafuna, na kai shi har bakin zaure.

Ya daɗe yana kallon ɗansa, sannan ya miƙa kunnensa.

"Matso," ya ce. "Yi mani sallama a nan."