Garayar Ladan

Tun yana yaro Kawu Rufa'i ke sha'awar koyon garaya, amma kunya ta hana shi, ga shi yanzu ladanin unguwarsu a Ɗanzomo. Da ya sayo wata a Maigatari, sai ya ɓoye ta a bukkar gonarsa.

Wani dare bayan isha'i yana can yana gwadawa, sai wata tsohuwa ta tsuguna gabansa. Gumi ya karyo masa.

"Iya, ki rufa mini asiri, kada a ji a gari."

"Ni ba na shiga gari, Malam. Kai ka kira ni, ci gaba."

Leɓɓanta ba su motsa ba. Daga cikin garayar da ke cinyarsa muryar ta fito.