Ja, Ja, Tsaya

Gidan Malam Gado a Cadakori gidan noma ne, amma kakanninsu makiyaya ne, shi ya sa har yau ba a ɗora kifi a murhunsu. Ɗiyarsa Sumaiya tana koyar da 'yan ƙaramin aji a lakol, wato makarantar boko. Ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sutura ba. Abin da ta rasa shi ne saurayin da zai yi mata magana ba kwana-kwana. Rilwanu kuwa maraya ne daga wani tsohon gida na wajen Tibiri. Gonarsa ƙarama ce, sai tabkin da Gulbi ke bari bayan damina ya zame masa gona ta biyu.

A bakin tabkin nan suka fara haɗuwa, ran da ta raka yayarta Habiba wanki. Ta hangi saurayi yana wurga fatsa, ba tana a ƙugiyar, sai ɗan gashin zabo a ɗaure.

"Malam, kifin garinku gashi yake ci?"

Ya yi dariya. "A waya na gani. Turawa na kama wani kifin ruwan sanyi haka, na ce bari in gwada da karfasarmu. Zo ki riƙe."

Ya koya mata a natse. A bar gashin ya sauka a hankali, ya ɗan nutse, sannan a jawo zaren da yatsa biyu.

"Ja, ja, tsaya. Da sanyin safiya a hankali, in rana ta ɗaga da sauri, kamar ƙwaro mai gudun ceton rai. Amma kifi ba ya cafka kina ja. Sai kin tsaya, ya ga abin zai kuɓuce masa."

Ta ja, ta ja, ta tsaya. Zaren ya fizge, ta saki ihu, Habiba ta kusa faɗawa ruwa don dariya. Da za su tafi ya ba ta ƙugiyar da gashinta, ya karɓi lambarta.

Rani guda suka yi saƙo na bin saƙo.

"Zabuwata, yau na ga gashi mai ɗigo-ɗigo irin zanenki, na kasa ɗaure shi."

"Sarkin Ruwa, ka dai wanke hannu kafin ka rubuto mini, ƙarni na shigowa ta waya."

Da farkon damina Bappa, ƙanen mahaifin Rilwanu, ya zo da maganar aure. Malam Gado ya ce zai yi shawara. Bayan su Bappa sun tafi ya ce wa Inna, mahaifiyar Sumaiya, "Jikar masu shanu a ɗakin masunci? Yaron ga ba ni da ja da halinsa, amma rai bai so ba."

Daga ranar, Rilwanu ya yi ɗif.

Ta rubuta, "Sarkin Ruwa, lafiya?" Shiru. Ta kira, ba a ɗauka ba. Gero ya yi bununi, ya yi ido, wayarta ba ta motsa da sunansa ba.

Ran kasuwa ta ci karo da Haisam, abokin Rilwanu, mai rumfar cajin waya, wanda ya daɗe yana bin ta da kallo.

"Malama Sumaiya, kin rame fa. Ke ba ki gane ba? Tsayawa Rilwanu ya yi."

"Wace irin tsayawa?"

"Ai a majalisa ya faɗa mana, ran da ya fara ganinki. Ya ce mace da karfasa duk tafiyarsu ɗaya: ja, ja, tsaya, sai ta cafka da kanta. Ni dai ba na wasa da ɗiyar mutane."

Kalmomin da ta ɗauka nata ne ita kaɗai, ga su a bakin wani cikin kasuwa. Ta koma gida ba ta sayi komai ba. Ta ciro ƙugiyar daga cikin adakarta ta zuba mata ido. Sai yau ta lura: gashin kyakkyawa ne, an ɗaure shi ne don kawai ya ɓoye ƙarfe.

Washegari ta ja Habiba har tabki. Yana nan, zare a hannu. Da ya gan ta sai ya sunkuyar da kai.

"Rilwanu," ta ce, ba Sarkin Ruwa yau, "ka ce ni karfasa ce?"

Ya saki zaren. "Na faɗa. Ran farko ne, ina cika baki gaban samari, ban san ki ba tukuna. Ba ni da abin kare kaina."

"Wato duk saƙon nan gashi ne, ƙugiya na ciki. Yanzu ka tsaya kana jiran in cafka. To ga ni na zo da ƙafata, dabara ta ci."

"Wallahi shirun nan ba dabara ba ne."

"To mene ne?"

"Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan."

Ta ajiye masa ƙugiyar a kan kwandonsa ta juya. Bai bi ta ba.

A tsakar gida take ba Inna labari tana kuka. Malam Gado, da ke gyaran igiyar ɗaurin dami a gefe, ya ɗago.

"Bai ce komai a kaina ba?"

"A kanka, Baba?"

Tsohon ya ajiye igiyar. "Ni na sa shi. Na ce kada ya kira ki, kada ya rubuto, sai an kai gero rumbu, kuma kada ya ce ni ne. Na zaci za ki manta, ko shi ya karya alkawari in samu hujja." Ya girgiza kai. "Ya yarda ki tsane shi da ya haɗa ki da ubanki. Ki yafe mini, ɗiyata."

Ta tashi ta shige ɗaki. Da yamma Malam Gado ya aika a kira Bappa.

An sa ranar aure, saƙon Rilwanu ya dawo, amma ita ce ta yi shiru.

"Zabuwata, ko ke ce kika tsaya yanzu?"

"Ni ba na ja, ba na tsayawa. Fushi nake yi, kuma in na yi fushi faɗa nake yi. Laifin Baba daban, naka na majalisa daban."

"Gaskiyarki. Na koma majalisar, gaban Haisam da kowa, na ce ƙarya na yi, ni ne na cafka tun ran farko."

Bayan haka Habiba ta kawo mata ɗan ƙulli. Gashin zabon nan ne, ɗaure da zarensa, an zare ƙugiyar. Ta juya shi, ta matsa shi a tafin hannu, ba abin da ya soke ta. Sai ta ɗauki waya.

"Sarkin Ruwa, wannan ba zai kama komai ba."

"Na sani. Ba na kamu ba ne."

Bayan an kai gero rumbu aka ɗaura aure. Dangin ango suka zo da soyayyar karfasa, Malam Gado ya ce shi dai a ba shi fura, amma da ya zo yi wa ango da amarya nasiha sai ya dafa kafaɗar Rilwanu ya daɗe bai sake ba.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari. Kuma kada ɗayanku ya ƙara kwana da magana a ciki, ko ni ne na sa shi."

Aka shafa. Sumaiya, cikin lulluɓi, tana riƙe da ɗan gashin nan, ta gane cewa ba kowane shiru ne ke da ƙugiya a ciki ba.