Baƙon da Ya Sauka a Bolari

Ranar da Abdulhamid ya fara ganin Zulaihatu, rabin kujerun ajinta babu kowa a kai. Ƙyanda ta shiga unguwar Bolari, shi kuma ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ne, an turo shi makarantar ya ɗauki sunayen yaran da suka kwanta. Da ya gama, ta yi masa tambayar da ɗalibanta suka yi mata ta rasa amsa: ta ina cutar take shiga jikin mutum?

Ya karɓi alli ya zana da'ira biyu, ƙarama da babba. Ya ce babbar ita ce ƙwayar halittar mutum, ƙaramar ita ce ƙwayar cutar, kuma hannu biyu gare ta. Na farko yana laluben ƙofar da ya sani a jikin ƙwayar halittar mutum, ya riƙe. Da ya riƙe sai na biyu ya miƙe ya soki bangon babbar, ya lanƙwashe, ya jawo shi ya haɗe da bangon ƙaramar. Daga nan ta shige.

"To a ɗaure hannu na biyun mana," in ji ta.

Ya daɗe yana kallonta. Ya ce abin da masu bincike suke nema ke nan, har an gwada a jikin dabbobi, amma maganin bai iso kanti ba. A yanzu rigakafi ne kawai yake tare ƙofar.

Daga ranar yake kiranta Malamata, ita kuma tana ce masa Likitan Allo. Wata biyar yana zuwa zance. Mahaifinta, Malam Tukur, bai hana ba, amma zuciyarsa tana wajen Ja'afaru, ɗan amininsa mai sayar da siminti a Tumfure. Abdulhamid ya san haka, kuma abin yana cinsa a rai.

Akwai yarinya a gidan, Ummukulthum, 'yar shekara uku, 'yar yayar Zulaihatu da ta rasu. Wata Laraba ta tashi da zazzaɓi da jajayen idanu. Matan gidan ba sa ambaton ƙyanda da sunanta, baƙon dauro suke cewa, su gajarce su ce baƙo, don kada ya ji ya yi fushi. Haka Zulaihatu ta tashi tana ji, haka ta rubuta:

"Likitan Allo, baƙo ya sauka a gidanmu. Baba ya ce kada kowa ya shigo. Ban san yadda zan yi ba."

Mutumin da ya shekara yana gwada jinin masu ƙyanda ya karanta saƙon, bai ga kowa a ciki ba sai Ja'afaru. Ya amsa:

"Allah ya sanya alheri. Ba zan tsaya miki a hanya ba."

Ya kashe wayarsa. Kwana huɗu tana kira ba ta samu. Kwana huɗu ana shafa wa yarinyar jiƙe-jiƙe a ɗaki mai duhu.

Ranar Lahadi ya kunna wayar, ya tarar da layi ɗaya: "Ummu ba ta buɗe ido." A Keke Napep ya iso, ya ɗauki yarinyar da kansa zuwa asibiti. Aka ba ta bitamin A, aka yi maganin ciwon huhun da ya biyo baya. Ta rayu, amma idonta na hagu ya yi fari, bai dawo ba.

Malam Tukur ya ce maganar aure ta ƙare. Wanda ya san cutar ya gudu ranar da aka neme shi, ba zai ba shi 'ya ba. Zulaihatu ba ta yi musu ba. Ta rame, ta daina dariya a aji.

Abdulhamid bai aiko kowa ya ba da haƙuri ba. Kullum bayan la'asar yakan kawo maganin ido ya ajiye a zaure ya tafi. A mako na bakwai tsohon ya tsayar da shi, ya tambaye shi ko da ya zo ranar Laraba da idon ya tsira.

"Baba, maganin kashe cutar babu shi, ko a hannuna. Amma idon, wataƙila da ya tsira. Kishi ne ya hana ni karanta saƙon daidai."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ni ma na hana a kai ta allurar rigakafi. Mu biyu ke nan."

Ya amince da auren, amma sharaɗi ɗaya ya kafa: kafin a sa rana, a kai duk jikokin gidan rigakafi. Shi ya shige gaba, yara tara a bayansa.

An ɗaura auren bayan ƙaramar salla, ba kiɗa. Da aka kai amarya gidan ango a Barunde, Ummukulthum tana riƙe da gefen mayafinta, tana karkata kai don ta ga hanya da ido ɗaya.

"Malamata, kin yafe mini?"

"Na yafe. Amma a gidan nan komai da sunansa za mu kira shi."

Ya ce ya yarda. Ya koma ta daman yarinyar inda za ta gan shi, ya durƙusa ya ɗauke ta. Allah ya ba su zaman lafiya, ya raya Ummu, ya kawo ranar da za a ɗaure wancan hannu na biyu na ƙwayar cutar.